Darasi: Yadda Sinadaran Goge-goge Ke Ɓata Fentin Ƙananan Motocin Kwaikwayo da Yadda Ake Kiyayewa

Duk wanda ke yawo a YouTube ko Instagram zai iya cin karo da bidiyon masu tara ƙananan motocin kwaikwayo, waɗanda ake ƙerawa daidai da siffar motar gaske amma a ƙanƙance. Wasu na yara ne, kamar Matchbox da aka fara yi a Ingila a 1953, da Hot Wheels da kamfanin Mattel na Amurka ya fitar a 1968. Wasu kuwa na manya ne, kamar na AUTOart da Kyosho da Minichamps, waɗanda guda ɗaya kan kai dala 200 ko sama da haka.

Matsalar da sababbin shiga ke yawan faɗawa ita ce ta gogewa. Mutum zai ga ƙura ko shatin yatsa a jikin motar, sai ya ɗauko abin da ya fi kusa da shi: sifirit, ko man cire jan farce, ko ruwan goge gilashi. Cikin daƙiƙa kaɗan rubutun jikin motar ya goge, gilashin ya yi hazo, fentin ya dusashe. A waya idan aka goge hoto ana iya dawo da shi daga kwandon shara, amma fentin da ya narke ba shi da maɓallin komawa baya. Wannan darasi zai bayyana abin da kowane sinadari ke yi wa fenti, da dalilin hakan, da hanyar da ba ta da haɗari.

Da farko: da me aka yi motar?

Lambar da ake rubutawa a kwalin ita ce ma'aunin ƙanƙantarwa. Motar gaske mai tsawon mita 4.5 za ta koma santimita 25 a ma'aunin 1:18, kusan santimita 19 a 1:24, kimanin santimita 10 a 1:43, sannan santimita 7 a 1:64. Duk ƙanƙantarta, mota ɗaya tana ɗauke da abubuwa daban-daban, kuma kowanne da sinadarin da ba ya jituwa da shi.

1. Gangar jiki. Motocin ƙarfe ana zuba su ne da wani gami da ake kira zamak, wanda mafi yawansa zinki ne, da alminiyam kimanin kashi 4 cikin 100, da ɗan magniziyam da jan ƙarfe. Motocin da mutum ke haɗawa da hannunsa, irin na Tamiya da Revell, ana yin su da roba mai suna folistarin. Akwai kuma na robar ABS da na rezin.

2. Gilasai da fitilu. Ba gilashin gaske ba ne, roba ce mai haske, kuma ita ce ta fi komai rauni a gaban sinadari.

3. Sassa masu ƙyalli kamar bamba da gaban mota. Mafi yawansu roba ce da aka lulluɓe da alminiyam mai matuƙar siranta, ko da yake ana kiransa kurom.

4. Tayoyi. Roba ce mai laushi, wani lokaci PVC.

5. Rubutu da tambari. Wasu ana buga su da tawada a kan fenti ta hanyar da ake kira tampo, wasu kuma sitika ce siririya da ake jiƙawa a ruwa kafin a liƙa.

Saboda haka tambayar ba ita ce ko sinadari zai ɓata fenti ba kawai. Sinadarin da fentin gangar jiki ya jure yana iya cinye rubutun da ke kansa, ko gilashin da ke gefensa.

Ire-iren fenti da yadda kowanne ke bushewa

Sirrin darasin yana nan. Yadda fenti ya bushe shi ke nuna abin da zai iya narkar da shi daga baya.

Lakka. Wannan fenti yana bushewa ne ta hanyar tashin sinadarin da ke cikinsa zuwa iska. Ba wani sauyi da ke faruwa ga ƙwayoyinsa, sun dai zauna ne a wuri ɗaya. Don haka ko bayan shekara 10, idan tina mai ƙarfi ta taɓa shi zai sake narkewa. Mr. Color na Japan da gwangwanin feshi na Tamiya mai lamba TS suna cikin wannan rukuni. Yana da tauri, yana jure ruwa da sabulu, kuma kananzir bai cika yi masa illa ba.

Inamel. Fenti ne mai mai, kamar Humbrol na Ingila. Bayan sinadarinsa ya tashi, sai ya riƙa haɗuwa da iskar oksijin, ƙwayoyinsa suna sarƙewa da juna sannu a hankali. Sama-sama yana bushewa cikin sa'o'i, amma cikinsa kan ɗauki mako guda ko fiye kafin ya ƙanƙare. Idan sinadari mai ƙarfi ya shige shi, ba ya narkewa sumul, sai dai ya kumbura ya yamutse kamar fatar tsohuwar lemo.

Akirilik. Akwai mai ruwa zalla, kamar Vallejo na Sifen, akwai kuma mai ɗauke da sinadarin barasa, kamar kwalaben Tamiya masu lamba X da XF. Idan ya bushe ruwa ba ya wanke shi, amma sifirit da amoniya suna ɗaga shi cikin sauƙi.

Fenti mai haɗi biyu, wato 2K. Shi ne kiliya irin wadda masu fentin motar gaske ke amfani da ita, inda ake haɗa fenti da sinadarin ƙanƙararwa. Idan ya kama, ƙwayoyinsa sun kulle da juna kamar raga, shi ya sa ya fi kowanne juriya.

Fentin masana'anta. A motocin ƙarfe akan gasa fentin a tanda, abin da ke ƙara masa tauri. Sai dai rubutun tampo yawanci yana zaune ne a samansa ba tare da wata kariya ba.

Me ya sa wani sinadarin ke narkarwa, wani ba ya yi?

Masana kimiyyar sinadarai suna da ƙa'ida mai sauƙi: abu yana narkar da danginsa ne. Gishiri yana narkewa a ruwa amma ba ya narkewa a man gyaɗa. Baƙin mai ba ya fita daga hannun makanike da ruwa, sai da fetur ko sabulu. Haka fenti yake. Sinadarin da aka tsinka shi da shi tun farko, ko wani mai kama da shi, shi ne zai iya kwance shi. A 1967 wani masani mai suna Charles Hansen ya tsara lissafin da masana'antun fenti ke amfani da shi har yau wajen hasashen abin da zai narkar da me.

Bayan nau'in sinadari, abubuwa 3 ne ke ƙara girman ɓarna: ƙarfinsa, daɗewarsa a kan fenti, da ƙarfin murzawa. Sifirit mai kashi 70 da aka shafa sau ɗaya ba daidai yake da mai kashi 99 da aka jiƙa mota a ciki dare guda ba.

Wannan ƙa'ida ce ta haifar da tsarin da masu haɗa motoci ke bi wajen fenti: mai ƙarfi a ƙasa, mai sauƙi a sama. Ana iya ɗora inamel ko akirilik a kan lakka, amma idan aka fesa lakka mai yawa a kan inamel, tinar da ke cikinta za ta ci na ƙasan ya yamutse.

Sinadarai ɗaya bayan ɗaya

Ruwa da sabulun wanke-wanke. Shi ne mafi aminci ga kusan kowane fenti da ya gama bushewa. Illarsa biyu ce: yana sassauta sitikar da ba a rufe da kiliya ba, kuma idan ya shige ciki yana sa gatarin taya da sukurori tsatsa. Ruwan ya zama mai ɗumi kaɗan, domin ruwan zafi yana lanƙwasa roba.

Sifirit da sinadarin IPA. Wannan shi ne abin da masu gyaran waya ke wanke allon cikin waya da shi. A kan akirilik kuwa maƙiyi ne, yana cire shi nan take. Yana dusar da ƙyallin lakka, kuma idan aka daɗe ana jiƙawa yana ɗaga ta gaba ɗaya. Yana iya haddasa ƙananan tsage-tsage a wasu gilasan roba. Man tsabtace hannu da ya yaɗu lokacin korona yana da barasa kashi 60 ko fiye, don haka hukuncinsu ɗaya.

Asiton, wato man cire jan farce. Shi ne ya fi kowanne yawan ɓarna. Yana narkar da lakka da akirilik, yana yamutsa inamel, yana goge tampo cikin daƙiƙoƙi. Ba a fenti kawai ya tsaya ba, yana narkar da folistarin da ABS kansu. Hujja ita ce gam ɗin haɗa roba na Tamiya mai ruwa-ruwa yana ɗauke da asiton, kuma aikinsa shi ne ya narkar da gefen roba biyu su haɗe. Ɗigo ɗaya a gilashin mota ya isa ya bar farin tabo. Masu sauya wa Hot Wheels kamanni suna amfani da shi da gangan don cire rubutu, amma da tsinken auduga, cikin sauri, nesa da gilashi.

Tinar masu fenti. Gauraye ce ta sinadarai masu ƙarfi kamar toluwin da dangin asiton. Aikinta wanke buroshi da bindigar feshi. Ba ta da wurin zama kusa da motar da aka gama.

Kananzir da farin sifirit na masu fenti da man laita. Waɗannan dangin mai ne. Suna narkar da inamel da bai gama ƙanƙarewa ba, amma lakka da busasshen akirilik suna jure taɓawarsu ta ɗan lokaci. Shi ya sa ake amfani da man laita wajen cire danƙon sitikar farashi. Haɗarinsu yana ga roba: idan suka kwanta a wurin da sassa biyu suka matse juna, robar takan yi gautsi ta tsage. Masu haɗa mutum-mutumin Gundam na Bandai sun san wannan matsala sosai.

Fetur. Yana ɗauke da sinadarai kamar toluwin da zailin da ke cin folistarin. Wanda ya taɓa ganin yadda farin soson kwalin talabijin ke narkewa a fetur ya ga abin da zai sami motar, domin soson nan folistarin ne da aka hura.

Ruwan goge gilashi mai amoniya. Yana cire akirilik mai ruwa da duk wata kiliya ta akirilik. Masu fenti suna wanke bindigar feshi da shi, wanda hakan kaɗai ya isa gargaɗi.

Bilic da soda mai ƙuna. Su ne ake amfani da su idan ana son tuɓe wa roba kurom, domin suna cinye siririn alminiyam ɗin cikin mintoci. Soda, wadda ke cikin sinadaran wanke tanda, tana tuɓe inamel da akirilik, kuma tana cin zinki da alminiyam idan ta daɗe.

Man birki. Nau'in DOT 3 da DOT 4 yana ɗaga fenti har na motar gaske. Wasu suna tuɓe tsohon fenti da shi, amma yakan bar roba da gautsi.

WD-40. Kamfanin da kansa ya ce a guji sa shi a kan folikabonet da folistarin mai haske. Wato gilashin motar kwaikwayo ke nan.

Ɓarnar da ba a zato

Ba sai mutum ya yi niyyar gogewa ba. Turaren fesawa yawancinsa barasa ne, idan aka fesa kusa da kanta ƙananan ɗigogi suna sauka a kan fenti. Man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET yana narkar da roba da fenti, kuma hannun da aka shafa masa ya isa ya bar shatin yatsa na dindindin. Maganin sauro na feshi ma yana tafe da sinadaran mai, don haka a rufe kanta kafin a fesa ɗaki.

Gam mai saurin kamawa, wanda aka fi sani da sufa gulu, yana fitar da tururi da ke barin farin hazo a gilashi da kurom. Idan madubin gefe ya karye kusa da gilashi, farin gam na katako ya fi aminci.

Tayoyin PVC suna ɗauke da sinadarin da ke sa su laushi, kuma da daɗewa yana fita ya narkar da robar da ke taɓa su, ko ƙafar tayar ce ko gindin akwatin. Zafi yana hanzarta hakan. Ɗan ƙaramin kati ko takarda a ƙarƙashin kowace taya yana raba su.

Man goge kayan ɗaki mai silikon yana ba da ƙyalli na ɗan lokaci, amma duk ranar da aka so sake fenti, sabon zai riƙa gudu yana barin ƙananan ramuka.

Sai ƙura. A ƙasashen da ake hunturu mai hazo, ƙurar tana ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Goge mota a bushe da ƙyalle daidai yake da murza ta da takardar yashi. Man goge baki da farin soson melamin su ma kankara suke yi, ba wankewa ba.

Yadda ake gogewa, mataki-mataki

1. A wanke hannu a busar, ko a sa safar auduga. A ɗauki motar ta ƙasanta, ba ta madubi ko ƙofa ba.

2. A hure ƙura da robar hura iska irin ta masu kyamara.

3. A bi da buroshi mai laushi, kamar sabon buroshin kwalliya, ba tare da dannawa ba.

4. Idan akwai shatin yatsa, a jiƙa ƙyallen maikurofaiba da ruwan gora, a matse sosai, a shafa ta fuska ɗaya.

5. Idan bai fita ba, a sa ɗigo 1 na sabulun wanke-wanke a kofin ruwa, a yi amfani da tsinken auduga, sannan a bi da ruwa zalla a busar nan take.

6. A kauce wa sitika da tampo. A kansu dangwalawa ake yi, ba murzawa ba.

7. Fenti marar ƙyalli ba a murza shi kuma ba a sa masa kakin goge mota, domin wurin zai yi sheƙi ya bambanta da sauran jiki.

Idan dole sai an yi amfani da sinadari, a yi abin da masu haɗa manhaja ke yi kafin su saki sabuwar siga: gwaji a wurin da ba zai cutar ba. A taɓa ƙarƙashin mota ko cikin bonet da tsinken auduga mai ɗan danshi na daƙiƙa 5. Idan launi ya fito a audugar, ko wurin ya yi danƙo, a tsaya. Idan babu komai, a jira zuwa washegari, domin tsagewar roba ba ta bayyana nan take. Masu fenti da hannu suna fesa fentinsu a bayan cokalin roba su ajiye, don su sami wurin gwaji daga baya.

Karanta alamomin ɓarna

Farin hazo a gilashi yana nuna asiton ko tururin gam. Idan sama-sama ne, man goge roba mai laushi sosai yana iya rage shi, idan ya yi zurfi sai canji. Yamutsewa tana nuna tina ta shiga inamel, kuma maganinta tuɓewa da sake fenti. Idan fenti ya yi laushi yana danƙo, kuskure mafi girma shi ne a yi ƙoƙarin gogewa. A ajiye motar inda iska ke shiga na kwana 2 ko 3, sau da yawa lakka takan sake ƙanƙarewa, sannan a duba abin da ya rage.

Ƙananan ƙuraje da ke tasowa daga ƙarƙashin fentin motar ƙarfe ba aikin sinadarin gogewa ba ne. Daga ƙarfen suke fitowa, ko saboda rashin shirya shi da kyau kafin fenti, ko saboda ƙazantar dalma a cikin zamak, wadda ke sa tsofaffin motoci kumbura da tsagewa. Danshi yana ƙara ta, kuma gogewa ba ta magance ta.

Lafiyar mutum ta fi motar

Kada a taɓa haɗa bilic da amoniya ko da wani abu mai tsami, domin suna fitar da iska mai guba. Asiton da tina da fetur da man laita suna kama wuta daga tururinsu kaɗai, saboda haka a nisanta su daga risho, kyandir da janareta. Soda tana ƙona fata kuma tana iya makantarwa, sai da safar roba da tabarau. Fentin 2K yana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai illa ga huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare shi, kuma ba abin fesawa a ɗakin kwana ba ne. Kada a zuba kowane sinadari a gorar ruwa ko ta lemo inda yara ke kaiwa.

Abin da mai waya zai ɗauka

Ilimin nan yana aiki a kan wayar da ke hannu. Wayoyi da yawa masu sauƙin kuɗi bayansu folikabonet ne da aka yi wa fenti, kuma asiton zai yi masa abin da yake yi wa gilashin motar kwaikwayo. Fuskar waya tana da siririn shafe mai korar maiƙo, wanda sinadarai masu ƙarfi da yawan murza ke cinyewa. A 2020 Apple ya sabunta shawararsa, ya amince a shafa jikin iPhone a hankali da ƙyalle mai IPA kashi 70, amma ya hana bilic, ya kuma hana barin danshi ya shiga ramukan wayar. A lura cewa wannan izini na waya ne. Sinadarin da gilashin waya ya jure shi ne zai tuɓe akirilik daga motar da aka kwashe mako biyu ana haɗawa.

Kammalawa

Wanda bai san irin fentin da ke jikin motarsa ba, ya tsaya a iska, buroshi, da ruwa mai ɗigon sabulu. Wanda ya sani, ya fara da mafi sauƙi, ya gwada a ɓoye, ya jira kwana guda. Mafi arha daga cikin matakan kariya shi ne akwati mai rufi da aka ajiye nesa da rana, domin motar da ƙura ba ta hau ba ba ta buƙatar kowane sinadari.